Hawan Babur a Saudiyya: Jagora ga Baƙon da Ya Zo Daga Ƙasar Hausa

Wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da wuya a ce bai iya babur ba, domin da yawanmu mun fara murɗa totur tun kafin gemu ya fito mana. Wannan sabo ne yake sa ɗan'uwa da ya zo Umara ko ziyarar dangi a Jidda ko Makka ya ga babur a ƙofar masauki ya ce a miƙo masa makulli, a ganinsa abin da ya iya a gida ya isa. Gaskiyar magana ita ce iya hawa shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake buƙata a nan. A gida idan an tare ka akan yi magana, a ba da haƙuri, wani lokaci a kira wani babba ya sa baki. A Saudiyya kuwa mafi yawan laifuffukan hanya kamara ce take kama su, ta ɗora su a kan lambar abin hawa da ta mutumin da yake da alhakinsa, kuma babu wanda za ka tsaya gabansa ka roƙa. Saboda haka na jera matakan nan bisa yadda ya kamata a bi su, takardu a gaba, hawa a baya.

Mataki na farko: abin da za ka gama tun kana gida

Lasisin mota ba ya halatta maka babur. A Najeriya rukunin A ne na babur, haka ma a Nijar, kuma tilas wannan rukuni ya fito ɓaro-ɓaro a kan katinka. Da yawa daga cikin mahayanmu ba su taɓa mallakarsa ba ko da sun yi shekara ashirin a kan mashin, don haka wanda bai da shi ya fara da nan, watanni kafin tafiya. Bayan shi sai lasisin ƙasa da ƙasa, wanda ɗan littafi ne da yake fassara lasisinka na gida, ba ya kuma aiki shi kaɗai sai an haɗa shi da na asalin. Ka nema ta hanyar hukumar da ke kula da lasisi a ƙasarka, ka guji shafukan intanet masu alkawarin aiko shi cikin sa'a guda, ka kuma buɗe shi ka tabbata an buga hatimi a gurbin babur, ba a gurbin mota kawai ba. Dokar hanya ta Saudiyya ta yarda baƙo ya yi tuƙi da ingantaccen lasisin ƙasarsa ko na ƙasa da ƙasa har tsawon shekara ɗaya daga ranar shigarsa, ko zuwa ranar da lasisin zai ƙare, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya zo zama da igama, wato takardar izinin zama, hukuncinsa daban ne, shi lasisin Saudiyya zai nema.

Sai ka dubi irin bizar da ke hannunka. Mai bizar Umara yana da damar zagaya biranen ƙasar, haka mai bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido da aka buɗe a watan Satumba na 2019. Mai bizar Hajji kuwa an taƙaita shi ga Makka da Madina da Jidda da wuraren ibada, kuma ba shi da wani sha'ani da babur. Babu ɗaya daga cikin waɗannan bizoji da ta halatta aiki. Na faɗi wannan ne domin baƙo zai ga samari a kan babura da jakunkunan Jahez da HungerStation da Keeta suna kai abinci, ko ya ga masu ɗaukar alhazai goyo tsakanin unguwar Aziziyya da Harami a Makka, wani ya raɗa masa cewa ga hanyar samun riyal kafin ya koma. Aikin kai saƙo ga wanda ba ɗan ƙasa ba sai ta ƙarƙashin kamfani mai lasisi, acaɓa kuma ba sana'a ce da doka ta sani a nan ba. Ƙarshen wannan shawara shi ne tara, da kwana a tarhil, wato gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, da hana dawowa ƙasar na tsawon shekaru, abin da yake nufin rufe wa kai ƙofar Umara saboda 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne jakarka. Ƙwayoyin da wasu mahaya suke sha don kashe gajiya, irin su taramol, a nan suna cikin kayan da doka ta tsananta a kansu matuƙa, safararsu kuma tana iya kai mutum ga hukuncin kisa. Mai shan magani bisa umarnin likita ya riƙe takardar likitan tare da maganin a cikin kwalinsa.

Mataki na biyu: samun babur

Da ka sauka, ka sayi layin waya na STC ko Mobily ko Zain da fasfonka, ka kuma rubuta lambar shiga da jami'in jawazat, wato hukumar shige da fice, yake ba kowane baƙo, wadda ake kira raƙamul hudud. Ita ce shaidarka a duk tsarin hukuma, da ita ake ɗaura maka yarjejeniya, da ita kuma ake bin sawun tara.

Hanya uku ce baƙo yake samun babur. Mafi tsabta ita ce haya daga shago mai rajista, irin waɗanda ake samu a Riyad da Jidda, ko da yake ba su kai na mota yawa ba kuma kuɗinsu ya fi tsada. Ta biyu ita ce aro daga ɗan'uwa mazaunin ƙasar, ita ce kuma wadda mutanenmu suka fi bi, ita ce ta fi jawo ɓacin rai. Ara wa mutum abin hawa a nan ba miƙa makulli ba ne kawai: mai babur yana buƙatar ya yi maka izinin tuƙi, wato tafwid, ta manhajar gwamnati mai suna Absher, don hukuma ta san cewa a hannunka yake. Idan ba a yi haka ba, duk tarar da ka jawo a kansa za ta faɗa, idan aka yi hatsari kuma kamfanin inshora yana iya samun hujjar noƙewa. Ka tuna cewa mutumin da ya ara maka yana zaune ne da igama, yana da kafili (wanda ya tsaya masa a kan zamansa a ƙasar) da iyali, sabunta takardunsa kuma yana iya tsayawa saboda tarar da ba shi ya jawo ba. Idan baffanka ko yayanka ya ce ka ɗauka kawai babu komai, ka gode masa, ka ce masa: "Baffa, a yi mini tafwid ɗin tukuna, ba na son sunanka ya shiga wata matsala ta dalilina." Kunyar faɗin haka ta fi sauƙi a kan wadda za a ji daga baya.

Hanya ta uku, wato sayen tsohon babur marar lamba da araha a cikin unguwa, ba na ba kowa shawararta. Jami'an murur, wato 'yan sandan hanya, suna yawan yin samame suna kwashe irin waɗannan babura, kuma marar lamba ba shi da inshora. Shigowa da babur naka ta ƙasa, ta tsohuwar hanyar alhazai da ta ratsa Cadi da Sudan zuwa Sawakin a tsallaka teku zuwa Jidda, magana ce da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya rufe a yanzu.

Ko haya ko aro, takardu biyu za ka gani da idonka: istimara, wadda ita ce rajistar babur, da takardar inshora, duka biyun kuma wa'adinsu bai ƙare ba. Inshora iri biyu ce, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai, da mai ɗaukar komai har da babur ɗin. Ka tambayi mai shago nawa za ka biya daga aljihunka kafin inshora ta karɓa, ka sa a nuna maka a rubuce. Nauyin wannan magana yana fitowa ne idan aka tuna cewa diyyar kisan kuskure a Saudiyya riyal 300,000 ce tun 2011, wato dala 80,000 a canjin riyal 3.75 da aka tsayar. Wanda ya buge mutum ba tare da inshora ba, wannan bashi a wuyansa yake, kuma ba zai bar ƙasar ba sai an warware. Kada ka bar fasfonka jingina a hannun kowa.

Kafin ka sa hannu, ka kunna kamarar wayarka ka zagaya babur ɗin sannu a hankali, mai shagon yana tsaye: tanki, da madubai, da ƙarshen hannayen kai inda faɗuwa take barin tabo, da salansa, da agogon kilomita da na mai. Sannan ka durƙusa wajen taya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara, misali 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Zafin ƙasar nan yana busar da roba, sai ka ga taya da zanenta cif amma gefenta ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, irin wannan ce take fashewa a babbar hanya. Idan ta haura shekara biyar ko ka ga tsaga, ka nemi wani babur. Ka matsa birkin gaba da na baya, ka taɓa sarƙa ka ji ba ta saki ba kuma ba ta bushe ba, ka gwada fitila da sigina da ham.

Mataki na uku: sutura

Hular kwano wajibi ce a kan mai tuƙi da wanda aka goya, tarar barinta kuwa daga riyal 1,000 zuwa 2,000. Ka zaɓi mai rufe haɓa, ka ɗaure igiyarta ta yadda yatsu biyu kawai za su shiga. Jallabiya da babbar riga da mayafi mai ja ba kayan babur ba ne, domin sarƙa ko taya tana iya cafke gefensu. Wando mai kauri, da riga mai kariya a gwiwar hannu da kafaɗa wadda iska ke ratsawa, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu su ne mafi ƙarancin abin da ya dace. Mata ma doka ta ba su damar tuƙa mota da babur tun 24 ga Yuni 2018, sharuɗɗan kuma duk ɗaya ne.

Akwai mas'alar da ta shafe mu musamman. Namiji mai harami ba ya rufe kansa, doka kuma ba ta yarda ya hau babur da kai a buɗe ba, ga shi kuma zane da mayafin harami ba sa zama a jiki cikin iska. Malamai sun yi bayanin fidiya ga wanda lalura ta tilasta wa rufe kai, amma a ganina babu lalura a nan, tunda ga tasi, ga bas, ga jirgin ƙasa na Haramaini da ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka da Jidda da Madina. Ranar Umara ka ajiye babur. Ka kuma sani cewa a lokacin aikin Hajji ba a shiga Makka sai da takardar izini, kuma idan kana tafe da abokin da ba Musulmi ba, akwai hanyar da aka ware masa kafin shingen Shumaisi a kan titin Jidda zuwa Makka.

Mataki na huɗu: koyon hanya a cikin gari

Ana tuƙi ne a hannun dama kamar a gida, wannan ya rage wahala. Abin da zai ba ka mamaki shi ne gudu da faɗin titi, da kuma yadda direbobi ba su saba da neman babur a madubi ba. A Kano direba ya san ko ta ina babur na iya ɓullowa, a Riyad kuwa mai babbar mota yana iya sauya layi uku a tashi ɗaya don ya kama mafita, bai ko lura da kai ba. Saboda haka ka fara hawanka da safiyar Juma'a, lokacin da tituna suke fayau, domin hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne. Ka bar fitilarka a kunne ko da rana, ka tsaya a tsakiyar layinka maimakon raɓewa a gefe, kada kuma ka daɗe a kusurwar bayan mota inda madubi ba ya kaiwa. Layin hagu na masu sauri ne, idan aka haska maka fitila daga baya ka ba da sigina ka kauce, ba wurin nuna zuciya ba ne.

Tsarin kamarori na Sahir, wanda aka fara a 2010, yana kama gudu da tsallake jar danja da riƙe waya. Tsallake ja riyal 3,000 zuwa 6,000 ne, bin hannun da ba naka ba shi ma haka, riƙe waya kana tuƙi riyal 500 zuwa 900. Wannan ɗabi'ar tamu ta yanke hanya ta hannun da ba daidai ba don gudun zagaye mai nisa, ko hawa dakalin masu tafiya a ƙasa, tilas a bar ta a gida, ko da kwanar juyawa tana gaba da kilomita biyu. Idan danja ta nuna ja, tayar gaba ta tsaya bayan farin layi. A shataletale wanda yake ciki shi ke da hanya, amma ka sa ido ga yashi da ɗigon gas da suke taruwa a gefensa, ka gama rage gudu kafin ka karkata, ba bayan ka karkata ba. Wasan ganganci da abin hawa, wanda ake kira tafhiɗ, tararsa tana farawa ne daga riyal 20,000 tare da tsare abin hawan.

A watan azumi, rabin sa'ar da ta gabaci kiran Magariba ita ce mafi hatsari a yini, kowa yana sauri da yunwa da ƙishirwa. Gara ka sha ruwa a masallacin da ya fi kusa da kai.

Mataki na biyar: doguwar tafiya

Daga Jidda zuwa Madina ya haura kilomita 400, Riyad zuwa Dammam kusan 400, Riyad zuwa Jidda kusan 950. Iyakar gudu a manyan hanyoyi kilomita 120 ce a sa'a, a wasu kuma 140 ga ƙananan motoci. Ƙaramin babur mai inji 125 ko 150 irin wanda muka saba da shi ba na wannan hanya ba ne, domin zai bar ka a layin tireloli, iskar kowace tirela tana jijjiga ka. Wanda bai taɓa hawan babban babur ba kuma kada ya fara koyo a kan babbar hanya.

Lokacin tafiya daga Nuwamba ne zuwa Maris. A tsakiyar bazara zafin Riyad da Madina yana haura digiri 43, har gwamnati takan hana aiki a rana daga sha biyu zuwa ƙarfe uku, tun daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Akwai abin da mahayi ya kamata ya fahimta game da wannan zafi: idan iska ta fi jikin mutum zafi, wato ta haura digiri 37, ba ta sanyaya shi, ƙara masa zafi take yi, tana kuma busar da zufa kafin ya ji ta. Shi ya sa cire riga yake ƙara cutarwa, kuma mutum yana iya ƙarar da ruwan jikinsa bai ji ƙishirwa sosai ba. Ka tashi bayan sallar Asuba, ka tsaya duk bayan sa'a ɗaya ka sha ruwa, ka riƙe 'yan ƙunshin gishiri da sukari daga kemis. Ciwon kai, da jiri, da fitsari mai duhu alamu ne na ka nemi inuwa nan take. Da hunturu kuma arewa, wajen Tabuka da Ha'il, sanyinta yana sauka zuwa sifili da dare.

Fetur ɗin da aka fi samu iri biyu ne, 91 mai koren hannu da 95 mai jan hannu, ka tambayi mai babur wanda injinsa yake sha. A hanyoyin da suka bar manyan birane ka cika tanki duk inda ya sauka rabi. Iskar taya kuma da safe ake aunawa, tun ba ta yi zafi ba. Kada ka yi tafiyar dare a hanyar da ba a katange ba, saboda raƙuma suna tsallakawa, launinsu ya saje da duhu, kuma fitilar babur ƙafafunsu kawai take haskawa. Idan guguwar rairayi ta taso ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, ka yi nesa da gefen titi, ka jira ta wuce. Idan hadari ya haɗu ka nisanci hanyoyin ƙarƙashin gada da kwaruruka: ambaliyar Jidda ta watan Nuwamba na 2009 ta ci rayuka fiye da ɗari, ratsa kwari yana gudana kuma laifi ne mai tarar riyal 5,000 zuwa 10,000.

Hanyoyin duwatsu su ne suka fi jan hankalin mahaya, kuma sun cancanta. Hawan Hada daga ɓangaren Makka zuwa Ɗa'if yana murɗawa yana hawa har kusan mita 2,000, Abha a kudu ta haura mita 2,200, iska mai sanyi, hazo yana sauka a kan hanya da yamma. A hawa babu wahala, a gangara ne ake kuskure. Wanda ya riƙe birki tun daga sama har ƙasa zai dafa shi, ya matsa ya ji hannu ya tafi babu kamu. Ka sa giya ta biyu ko ta uku inji ya riƙe ka, ka riƙa taɓa birki kana saki, ka kuma kai idonka inda kwana ta fita. Akwai birai a gefen hanyar, motoci kuma sukan tsaya ba zato don yara su kalle su, saboda haka ka bar tazara. Hukuma takan rufe Hada idan ruwa ko hazo ya yi yawa, sai a zagaya ta hanyar Sail.

Mataki na shida: idan an tare ka, ko an yi hatsari

A shingen bincike ka rage gudu, ka ɗaga gilashin hular kwano, ka yi sallama, ka miƙa fasfo ko shaidar biza da lasisi biyun da istimara. Kada ka ɗauki hoton askarawa ko shingensu, kada kuma ko da wasa ka miƙa wani abin hasafi, domin cin hanci laifi ne da ake ɗaure mai bayarwa da mai karɓa.

Idan aka yi hatsari kuma akwai rauni, ka kira 997 don motar asibiti da 993 don murur, a yankunan Makka da Riyad da gabashin ƙasar kuma 911 ta haɗa duka. Kada a cire wa wanda ya faɗi hular kwano matuƙar yana numfashi. Idan babu rauni, kamfanin Najm ne yake zuwa ko a kai masa rahoto ta manhajarsa: ka ɗauki hotunan wurin daga kowane ɓangare da lambobin ababen hawan, sannan a janye su daga hanya. Jami'in zai raba laifi bisa kaso, 25 ko 50 ko 75 ko 100 cikin ɗari, a kan wannan rahoto ne inshora take biya. Kada ka gudu, kada ka yarda da sulhun baki a gefen titi, kada kuma ka sa hannu a takardar Larabci da ba ka fahimta ba. Ka kira ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu haifaffun ƙasar, waɗanda Larabci ya zama musu kamar Hausa, ya karanta maka ko da ta waya ce.

Mataki na bakwai: mayar da babur

Ka mayar da babur kwana biyu ko uku kafin jirginka, domin tarar kamara ba kullum take fitowa a ranar da aka yi laifin ba. Ka sake zagaya shi da kamara kamar ranar karɓa, ka karɓi shaidar rufe yarjejeniya da kuɗin ajiyarka, idan aro ne kuma mai babur ya soke tafwid ɗin a gabanka. Daga nan ka shiga dandalin Ifa na hukuma da lambar shigarka ka duba ko akwai tara a kanka, shi ma mai babur ya duba Absher ɗinsa. Idan akwai wadda kake ganin ba taka ba ce, ana shigar da ƙorafi cikin kwana 30. Wadda take taka kuwa ka biya ta tsarin biyan kuɗi na Sadad, ko ka ba ɗan'uwan kuɗin ya biya daga asusunsa kana zaune, ka ajiye hoton rasidin a wayarka har ka wuce jawazat a filin jirgi.